Daji Ya Yi Kore, Dabbobi Na Ramewa: Ruwan Sama da Aikin Farfaɗo da Filayen Kiwo a Sudan

Magana biyu ake ji game da dajin Sudan, kuma mai sauraro zai ɗauka ɗaya na ƙaryata ɗaya. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam suna cewa tun bayan farin 1984 yankin Sahel ya ƙara yin kore, domin damina ta ɗan farfaɗo idan aka kwatanta da shekarun 1970 da 1980. Makiyayan Buɗana (shimfiɗar kiwo da ke gabas da Hartum) da Sinnar da Kurdufan kuwa cewa suke yi ciyawar kirki ta ƙare, saniya ta wuni cikin kore ta dawo gida ba nonon a zo a gani. Ana cikin wannan ruɗani kuma sai ga maganar farfaɗo da filayen kiwo ta ko'ina: a killace wuri, a watsa iri, a haƙa ramukan tara ruwa, a dasa itatuwa ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sudan na cikinsa.

Batun ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Daga Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogin Nil Azrak (Blue Nile) zuwa Gadarif da Kasala, da yawansu manoma ne masu ɗan garken tumaki da awaki a bayan gida, wasu kuma da sayar da ciyawa ko gawayi ko nono suke cin abinci. Yanzu da mutanen da yaƙin basasar da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kora suke komawa garuruwansu a jihohin Sinnar da Jazira, tambayar abin da za a yi da gonar da ta kwana da hurumin da ya lalace tana jiran kowa a ƙofar gida. Maganganun nan biyu duka gaskiya ne, kuma abin da ya haɗa su shi ne bambancin da ke tsakanin yawan kore da yawan iri.

Kore daban, yawan iri daban

Idan masana suka ambaci yawan ire-iren tsirrai, ƙidaya ce farkon abin da suke nufi, wato iri nawa ake samu a fadan ɗaya, wanda ya kai murabba'in mita 4,200. Bayan ƙidaya sai a duba rabo, ko irin nan suna zaune da juna ne ko kuwa ɗaya ya danne saura. Filin da tafasa ta rufe har inda ido ya tsaya kore ne shar idan aka hango shi daga sama, ya ma fi filin da ke da burburwa da guɗe-guɗe da kyasuwa da gadagi duhun kore. Amma shanu ba sa cin tafasa ɗanya sai dole ta kama. Tauraron ɗan'adam zai rubuta cewa wurin ya gyaru, mai garke kuma zai wuce shi ya nemi wani.

Sai kuma aikin da kowane iri ke yi. Akwai ciyawar damina ɗaya, wadda ke tsirowa ta zubar da iri ta mutu cikin wata biyu zuwa uku. Ƙarangiya, wadda Larabawan Sudan ke kira haskanit, da guɗe-guɗe da suke kira abu asabi, duk nan suke. Akwai mai daɗewa irin gamba, wadda saiwarta ke kwana a ƙasa duk rani, ta fito da toho da yayyafin farko kafin sauran su motsa, lokacin da dabbobi suka fi galabaita. Akwai dangin wake irin gadagi, masu ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, su ƙara wa dabba furotin. Filin da ya haɗa waɗannan yana ciyar da garke wata da watanni, domin in wani ya bushe wani na nan, in shekara ta ƙi wani ta karɓi wani.

Kalma ta ƙarshe da za a riƙe ita ce rumbun ƙasa, wato irin ciyawar da ke kwance a cikin 'yan santimitocin saman ƙasa yana jiran ruwa. Shi ne jarin filin kiwo. Farfaɗowa kuwa na nufin maido wa fili ikon riƙe ruwa da haifar da ciyawa iri-iri da kansa. Dashen itace ɓangare ne kawai na wannan aiki, kuma a wasu wuraren ba shi ake buƙata ba, don shimfiɗar lakar tsakiyar Buɗana filin ciyawa ce tun asali.

Abin da ruwa ke yankewa

A 1958 wasu masana biyu, Harrison da Jackson, suka raba tsirran Sudan gida-gida bisa ruwan sama da irin ƙasa, kuma har yau da rabon nasu ake aiki. Inda ruwan shekara bai kai milimita 75 ba hamada ce. Daga 75 zuwa 300 rabin hamada, mai gajeriyar ciyawa da ƙaya jefi-jefi. Daga nan sai dajin ciyawa da itatuwa, wanda ke ƙara duhu in ana yin kudu. Hartum ba ta cika samun milimita 200 ba, Ubayyid na tsakanin 300 da 400, Gadarif wajen 600, Damazin wajen 700. A dunƙule, inda ruwa ya fi yawa iri ya fi yawa, kuma ciyawa mai daɗewa ta fi samun wurin zama.

Sai dai milimita ɗaya ba ta yin aiki ɗaya a ko'ina. A jigawar Kurdufan, wadda ake kira goz, ruwa na nutsewa nan take ya ɓuya daga rana. A baƙar lakar Gadarif da Sinnar kuwa, ruwan farko na bin tsagar da rani ya bari, daga nan lakar ta kumbura ta rufe bakinta, sauran ruwan ya kwanta a sama rana ta shanye rabonta. Masanan gandun daji sun daɗe da lura cewa itacen da ke rayuwa da kashi biyu na ruwa a yashi sai ya sami wajen kashi uku a laka. Shi ya sa dakwara, wato hashab mai ba da ƙaro, ke yin kyau a jigawar da ruwanta bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma ƙasa ta uku, fakon da mutanen Kurdufan ke kira gardud, wanda samansa ya daskare kamar daɓe. A nan ko da damina ta yi albarka ruwan gudu yake yi ya bar wurin a bushe.

Abin da ya fi jimillar ruwa tasiri a kan wane iri zai fito shi ne yadda ruwan ya sauka. Ga misalin da kowane manomi ya sani daga gonarsa. Ruwan farko, wanda ake kira rushash, ya sauka da ƙarfi a watan Yuni. Cikin kwana uku ko huɗu fili ya yi tsiri-tsiri da ciyawa mai saurin tsirowa irin ƙarangiya. Sai sama ta ɗauke mako uku. Tsiron nan ya ƙone, kuma irin da ya tsiro ya mutu ya fita daga rumbu ke nan. Idan ruwa ya dawo a Yuli, waɗanda suka rage su ne masu taurin ɓawo, waɗanda sai sun jiƙa sun bushe sau da yawa kafin su fashe, kuma yawancinsu masu faɗin ganye ne, har da tafasa. A shekarar da ruwa ya fara a hankali ya ɗore ba yankewa, masu saurin nan ne ke riga kowa su rufe fili. Don haka wuri ɗaya, da garke ɗaya, da jimillar ruwa kusan ɗaya, yana iya fito da fuska biyu a shekara biyu a jere. Duk wanda ya auna nasarar wani aiki da damina ɗaya yana iya yaba wa aikin a kan abin da sama ta yi, ko ya zarge shi a kan abin da ba laifinsa ba.

Akwai wani abu kuma da ke bayyana tafiyar makiyaya, wadda baƙo kan gani kamar wauta: da damina ta kankama sai su bar kudu mai doguwar ciyawa su nufi arewa mai gajeriya. Laka da ƙuda da gonaki na cikin dalilan, amma akwai na abinci. Wani babban bincike da masanan Mali da Holan suka wallafa a 1982 ya nuna cewa a Sahel, inda ruwa ya haura wajen milimita 300, ƙarancin naitirojin da fosfaras a ƙasa ne ke taƙaita ciyawa fiye da ƙarancin ruwa. Ciyawar kudu na yin tsawo da kauri, amma ɗan sinadarin da ta samu ya watsu a cikin kara mai yawa. Ta arewa gajeriya ce, amma kowace loma da ƙarfinta. Ƙarin ruwa ke nan na iya ƙara yawan ciyawa ya rage mata daraja.

Yadda aka zo nan

Ruwa shi ke juya fuskar fili shekara-shekara, amma ba shi kaɗai ya kwashe ciyawar kirki ba. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya kusa da Gadarif. A 1968 aka kafa hukumar noman injina, manyan gonaki suka bazu a lakar Gadarif da Sinnar da Nil Azrak da kudancin Kurdufan, wasu da izini wasu ba izini. Faifan garma na juya ƙasa duk shekara, yana kashe saiwar ciyawa mai daɗewa, kuma idan ƙasa ta gaji ƙuduji ya kama dawa sai a matsa gaba a bar saura ga tumfafiya. Noman rani na Sabuwar Halfa a shekarun 1960 da na Rahad a ƙarshen shekarun 1970 su ma sun gutsuri gefen Buɗana.

Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, kuma a daidai wannan lokaci gwamnatin Numairi ta rushe mulkin sarakunan gargajiya, waɗanda a da su ke cewa ga ranar shiga wuri kaza, ga rijiyar da baƙo zai sha. Filin da kowa ke da ikon shiga, babu mai ikon cewa a dakata. Hafirai, wato tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan sama, da rijiyoyin injin da ake kira donki, waɗanda aka yi don taimako kuma suka taimaka, sun sa dabbobi zama duk shekara a wuraren da a da ƙishirwa ke korarsu da rani. Wanda ya taɓa tunkarar donki a ƙafa ya ga yadda abin yake: nesa da shi ciyawa iri-iri, in ana matsowa tana raguwa, sai tsidau da tumfafiya, sai ƙura da kashin dabbobi a bakin mashaya. Siha, tsiron da makiyayan Buɗana ke yabo saboda yadda yake riƙe dabba da rani, ya ja baya ƙwarai a wuraren da aka san shi da su.

Farin 1984 ya kashe ciyawa mai daɗewa da itatuwa a arewacin Kurdufan da Darfur. Ɓallewar Sudan ta Kudu a Yuli 2011 ta sa iyaka a tsakiyar hanyar garkunan da ke cin rani a kudu, da yawa suka tsaya a Sinnar da Nil Azrak da Nil Abyad. Yaƙin yanzu ya toshe wasu burtalan, ya cunkusa dabbobi inda ake ganin akwai tsaro, ya ƙara saran itace don gawayi da gas ya yi wuya.

Fari ne ko yawan dabbobi?

A nan masana suka rabu, kuma rabuwar tasu ta shafi irin maganin da ake kawo wa mutane. A 1975 wani masani mai suna Lamprey ya zagaya arewacin Sudan ta jirgin sama, ya kwatanta abin da ya gani da taswirar Harrison da Jackson ta 1958, ya ce hamada ta matso kudu da kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17. Wannan adadi ya zagaya duniya, kuma a kansa aka gina ra'ayin cewa yawan kiwo da saran daji ne ke jawo hamada, don haka magani shi ne a rage dabbobi, a zaunar da makiyaya, a kafa shingen itatuwa. A shekarun 1980 masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin, cikinsu har da Hellden, suka sake duba Kurdufan da hotunan sama, ba su ga wannan tafiya ta hamada ba. Abin da suka gani shi ne bakin kore na ja da baya a shekarar fari, ya dawo in ruwa ya dawo.

Daga nan wani ra'ayi ya yi ƙarfi, musamman bayan aikin da masana biyu, Ellis da Swift, suka yi a Turkana ta Kenya suka wallafa a 1988. Su suna ganin inda ruwa ke hawa da sauka sosai tsakanin shekara da shekara, fari ne ke rage dabbobi tun kafin su kai yawan da za su lalata fili, don haka ƙayyade wa makiyayi adadin dabba a wuri ɗaya ba shi da amfani, abin da zai cece shi da filin duka shi ne 'yancin tafiya. Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa ya yi daidai da zamanin da fari ke kashe garke, amma yau da ake kai ruwa da tanka, ake sayen dusa da ƙuli, dabbobi na tsallake fari su faɗa wa tsiron farko da yawansu.

Wani gwaji da aka fara a 1981 a Widu Cengoli, arewacin Senegal, wanda ya ɗauki fiye da shekara 25, ya ba kowane ɓangare abin kamawa. Killace fili da ƙayyadadden adadin dabbobi bai fi kiwon yawo ba, ga ƙarancin abinci a shekarar fari, ga tarin busasshiyar ciyawa da ke danne sabon tsiro a shekarar ruwa. Amma da aka bi lissafin tsawon shekaru, an ga matsin kiwo na sauya irin ciyawar a hankali, hawa da saukar damina na ɓoye sauyin. Abin da hujjojin suka fi goyon baya shi ne, a arewa mai ƙarancin ruwa sama ce ke da rinjaye, a lakar kudu da kewayen mashaya da bakin gari kuma hannun mutum ne. Yawancin garuruwan Hausawa a kashi na biyu suke.

Hanyoyin gyara, da abin da kowace ke haifarwa

Mafi arha ita ce hutarwa, abin da Larabawa suka sani tun da da sunan hima, a Sudan kuma ake cewa mahmiyya. Ba sai an hana kiwo shekara da shekaru ba. Abin da ake so shi ne a ɗaga wa fili ƙafa daga tsiro zuwa zubar iri, wato daga Yuli zuwa wajen ƙarshen Satumba, sannan a buɗe. Tana aiki ne inda rumbun ƙasa bai ƙare ba. Inda ya ƙare, ko inda ƙasa ta zama fako, ko an kewaye da waya shekara biyar abin da ke ciki shi zai ci gaba da fitowa. Killacewa ta dindindin kuma tana da nata aibin, domin kofato na tura iri cikin ƙasa, kashi na kai shi wani wuri, kuma busasshiyar ciyawar da ba a ci ba abincin gobara ce. Shi ya sa share layin wuta da kaka, kafin iska ta tashi, yana cikin ayyukan da hukumar kula da filayen kiwo ta daɗe tana yi.

Watsa iri shi ne maganin rumbun da ya ƙare, kuma a nan zaɓin iri ne komai. Iri ɗaya mai saurin girma na ba da kore mai kyau a hoto, amma fili ya koma gonar abu ɗaya. Irin da aka tara daga dajin yankin, aka gauraya ciyawa da dangin wake, ya fi jure wa damina mai gardama. Kuma watsa shi a kan fako ba tare da an fasa ƙasa ba ciyar da tururuwa da tsuntsaye ne.

A kan fako, tara ruwa ne ke buɗe ƙofa. Manoman Kasala da gabashin Sudan sun daɗe da sanin taras, gaɓar ƙasa da ake tayarwa ta gefe uku a bar gefen da ruwa ke gangarowa a buɗe. Daga Nijar kuma aka san rabin wata, rami mai siffar jinjirin wata wanda bakinsa ke fuskantar tudu. Wanda ya tsuguna a bakin irin wannan rami bayan damina ɗaya zai ga yadda yake aiki. Ruwan da a da ke wucewa ya kwanta ya nutse. Iska ta share ɓuntun ciyawa da kashin awaki da yashi ta zuba a ciki. Gara ta shigo cin ɓuntun, ta huda ƙasa, ruwa na gaba ya sami hanya. A cikin ramin sai ka ƙirga iri biyar ko shida da babu wanda ya shuka su, taku ɗaya a waje kuma ƙasa na nan fayau. Ramin na yi wa tsiro kamar an ɗauke shi an kai shi yankin da ya fi ruwa. Iyakarsa ita ce wahala da kuɗi, da kuma wurin da ya dace: a jigawa ba ruwan da ke gudu balle a tare shi, a laka mai nauyi kuma shekarar marka na iya mayar da ramin tafki ya kashe abin da ke ciki.

Itatuwa na da nasu gurbin. Ƙarƙashin gawo, wato haraz, da aduwa da dakwara, inuwa da ganye na raya irin ciyawar da ba ta jure rana. Tsohon tsarin Kurdufan na noma 'yan shekaru sannan a bar gona ga hashab shekara goma sha biyar ko fiye yana ba da ƙaro da kiwo, yana maido da ƙarfin ƙasa. A yankin Maraɗi, sassaben zamani da aka fara yaɗawa a shekarun 1980, inda manomi ke barin tohon kututture ya gyara shi maimakon ya sare, ya bazu a kudancin Nijar ya maido da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da gandun reno ba. Dokar gandun daji ta Sudan ma ta wajabta barin kashi 10 cikin 100 na gonar noman injina ga itatuwa, da kashi 5 a gonar ban-ruwa, sai dai aiki da ita ya yi ƙaranci.

Darasin da ya fi tsada shi ne na miskit, wani baƙon itace mai ƙaya. An shigo da shi Sudan a 1917, daga baya aka yaɗa shi don tsayar da yashi da samar da itacen wuta, kuma ya yi abin da aka kawo shi ya yi: ba ya jin fari, kore ne duk shekara. Awaki da raƙuma suka ci kwansonsa suka watsa irin a kashi, ruwa ya kai shi gaba, ya cinye filaye a Gash da Tokar da Sabuwar Halfa, ya toshe magudanai, ya zama sarƙaƙiyar ƙaya da ciyawa ba ta rayuwa a ƙarƙashinta. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi, har yau yana nan. Masu kare shi suna da hujjarsu, don talakawa da yawa na rayuwa da gawayinsa, kuma a wasu ƙauyukan shi ya hana yashi binne gidaje. Ta fuskar yawan iri kuwa, dajin miskit na cikin koren da tauraron ɗan'adam ke ƙirgawa a matsayin ci gaba.

Abin da zai taɓa talaka

Mai tumaki biyar a bayan gida shi zai fara jin kowane mataki. Idan aka rufe hurumin gari wata uku ba a tanadar masa inda zai kai su ba, ko ya sayi ciyawa ko ya sayar da tunkiya a lokacin da ba ta da daraja. Idan rufewar ta yi nasara kuma, shi ne zai rage sayen kara da dusa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da kuɗinsu ke tashi. Aikin da aka yi a Giraigik, yankin Bara na Kurdufan ta Arewa, a shekarun 1990 ya haɗa hutar da fili da lambunan mata da asusun bashi na gari, saboda mutane su sami abin riƙewa yayin da filin ke hutawa.

Yawan iri kuma bai tsaya ga dabbobi ba. Gamba ce zana da jinka, wata ciyawar tsintsiya ce, wani ganyen miya ne ko magani, kuma mata da yara ne suka fi tara su. Ko tafasar da shanu ke ƙi, mutane na kwaɗa ta, a Darfur kuma da ganyenta ake yin kawal, wani kayan miya mai kama da daddawa. Filin da ya koma iri ɗaya na ƙara wa mace nisan tafiya. A ɗaya gefen, duk shirin da ke son irin ciyawar gida dole ya saye shi daga hannun waɗanda suka san inda yake da lokacin nunarsa, kuma wannan sana'ar kaka ce da mutanen ƙauye za su iya riƙewa.

Tsakanin manomi da makiyayi, gyaran da ya rufe burtali ko ya kewaye mashaya yana tura garke cikin gona. Wanda ya bar hanya a buɗe, ya sanar da ranar rufewa da ta buɗewa, ya sa masu zuwa da damina cikin shawara, ya fi daɗewa, domin baƙon da ba a yi maganar da shi ba ba ya ganin ta ɗaure shi.

Mafi nauyi ga Hausawa shi ne mallakar ƙasa. Fako ba shi da mai nema, amma ranar da ya yi ciyawa masu shi kan yawaita. A wuraren da ake jayayya kan wa ke da ikon ƙasa, kamar yadda rikicin Yuli 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Nil Azrak ya nuna da asarar rayuka masu yawa, mutum na iya haƙa rabin wata ɗari a wurin da gobe za a ce ba nasa ba ne, ko a yanka shi a ba mai tarakta. Sudan ta yi dokar filayen kiwo a 2015, amma yawancin hurumai da burtalai ba su da rajista. Garin da aka zo wa da shirin farfaɗowa yana da dalilin neman a rubuta iyakar filin da sunan waɗanda za su amfana, a gaban hukuma da shugabannin maƙwabta, kafin a sari ƙasa. Yana da dalilin tambayar wane iri za a watsa da inda aka samo shi, da neman a yi ƙidayar tsirrai tare da dattawan da suka san sunayensu, a watan Satumba kafin ciyawa ta bushe, shekara uku ko huɗu a jere, har da shekarar da ruwa ya yi ƙaranci.